Motar Caji da Madarar Goggo Dija

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da firji a jere a zauren gidan nan na Yalwawa, da mata suna wanke robobi a tsakar gida, za ku ɗauka haka abin ya faro. Da ƙwarya ɗaya na fara, ita ma ba tawa ba ce. Lokacin Abbanku yana koyarwa a wata firamare gaba da Taura, ni kuma ina amarya mai zaman shiru a gidan haya, wata Bafulatana mai suna Dija takan biyo da tallan nono ta zauna a inuwar ƙofarmu ta sha ruwa. Ta girme ni da kusan shekara goma, don haka tun ranar farko Goggo na kira ta. Ita ta nuna mini yadda ake dafa madara ba ta kama ba, da yadda ake barin ta ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, da yawan tsohon kindirmon da ake ɗigawa don sabo ya kwanta. Ranar da nawa ya fara yin kyau ta ɗanɗana, ta ce da sauransa, ta bar mini ƙwaryarta ta tafi. Da muka dawo Dutse sana'ar ta biyo ni, ta yi ta girma a hankali har ta kai ina ɗebo madara daga rugage bakwai: uku a kewayen Dutse, uku a wajen Aujara, ta ƙarshe kuma, mafi nisa, rugar su Goggo can wajen Taura. Mai hankali zai ce madarar can ba ta biyan wahalar ɗaukota. Ni ban taɓa auna ta da wannan mudun ba.

Wanda ya riƙe mini hanyar nan shekara ashirin da wani abu shi ne Malam Idi, da kuke ce wa Baba Idi. Direban babbar mota ne a da, ciwon baya ya sauko da shi, ya karɓi tsohuwar bas ɗina da aka cire wa kujeru. Mutum ne da za ka yi tafiyar awa uku da shi bai ce uffan ba, amma da kunne yake sanin ciwon mota. Bas ɗin ta tsufa har sai an tura take tashi da safe, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, ga hayaƙi kamar ana toyin gona. Duk da haka bai taɓa kwana a hanya da madarata ba. Da ƙanƙara muke sanyaya jarkoki, a lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, ya fita bayan sallar asuba, kafin azahar ya dawo.

Sai aka shiga shekarar da aka janye tallafin mai. Kun san yadda aka ji a jiki, ba sai na maimaita ba. Abin da ba ku sani ba shi ne na kusa rufe gidan nan. Bas tana shan mai, janaretan firji yana shan mai, masu ƙanƙara sun ƙara kuɗi don su ma mai suke sha. Na ƙara wa kindirmo kuɗi sau biyu, a na uku masu shago suka fara dawo mini da shi. Mata tara ne ke aiki a ƙarƙashina, huɗu daga cikinsu su ke ciyar da gidajensu. Kullum da safe in na dubi fuskokinsu sai in rasa wadda zan fara ce wa ta zauna a gida.

'Yar'uwarku Bilkisu ce ta zo da maganar. A lokacin ta yi shekara biyar da aure, ita da mijinta suna sana'ar kafa wa mutane sola, abin da ta karanta ke nan. Ta zo wata Lahadi da la'asar, muna zaune gindin darbejiya ni da Abbanku, ta miƙo mini waya ta ce in kalli wata farar mota mai rufaffen baya tana tafiya ba ƙara.

"Umma, wannan ba ta da tanki. Batir ne a cikinta, caji ake yi mata kamar waya."

Abbanku ya sauke tabarau ya karɓi wayar. "To motar da ba ta shan mai, me take sha?"

"Rana, Abba."

"Rana kam Allah Ya hore mana ita a Jigawa," in ji shi. "Da ana sayar da ita da tuni mun wuce Legas."

Dariya muka yi, amma Bilkisu ba wasa ta zo yi ba. Ta ce motarmu da safe take aiki, daga azahar a ajiye take, daidai lokacin da rana ke tsakiyar ƙarfinta. In aka yi rumfar sola a bayan gida, rana ɗaya za ta cika motar ta kuma riƙe firji. Da na kira yayanku babba a waya na faɗa masa, sai ya hau faɗa. Ya ce wane bakanike ne a Dutse zai taɓa ta, in wani abu ya lalace ina za a samo shi, kada in kwashe guminna na shekara talatin in zuba a abin da ko a Kano ba a gama yarda da shi ba. Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma na ji tsoro ƙwarai. Abbanku bai ce in saya ba, bai ce kar in saya ba. Cewa ya yi gani ya kori ji, a nemi masu ita su kawo ta a gwada, kuma kada kowa ya yanke hukunci sai wanda zai zauna a bayan sitiyarin.

Haka aka yi. Dillalin ya kawo ta daga Kano bayan kaka, sanyi ya fara sauka, ya bar mana ita mako guda. Malam Idi ya zagaya ta sau uku hannuwansa a baya. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya danna taya da ƙafa, ya sa aka buɗe masa gaba, ya daɗe yana kallo.

"Ina injin?" ya tambaya.

Dillalin ya nuna masa wani abu da bai fi tukunyar miya ba. Malam Idi ya girgiza kai ya shiga. Ina gefensa a fitar farko. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta laluben kuloci, hannunsa yana kai wa giya cafka yana dawowa wayam. Da ya taɓa totur sai ta zabura kamar an tsikare ta, na yi salati na dafe ƙofa. Kafin mu fita daga Yalwawa ya gane hannunta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun. Ina jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, ina jin muryar mai tallan ƙosai a bakin titi. Shekara ashirin ina shiga mota da mutumin nan, ranar na fara sanin yana yin tasbihi a hankali in yana tuƙi.

Mako ya cika, ya bi duk rugagen da ita har wajen Goggo, muka taru a tsakar gida don jin bakinsa. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

"Hajiya, a kwalta ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba. Lodi ba ya yi mata nauyi, da jarka ɗaya da jarka talatin duk tashi ɗaya take yi. Bayana bai yi ciwo ba makon nan. Amma cikinta a ƙasa yake, yashi ba abokinta ba ne. Sannan ba ta san lallashi ba. Tsohuwar in mai ya ƙare zan tari ɗan bumburutu a ko'ina. Wannan, abin da ta rubuta a allo shi ke nan. In ta ce ta gaji, ta gaji."

"Taura fa?" na ce.

"Tana zuwa tana dawowa. Amma da ƙyar, kamar mai azumi da la'asar."

Na ji wannan maganar da kunnena, kada wani ya ce ba a faɗa mini ba. Na sayar da bas ɗin, na sayar da filin da na ajiye don in gina gidan haya in jingina da shi a tsufana, na haɗa da sarƙar da kuka san ni da ita. Bilkisu da mijinta suka kafa rumfar sola a inda kejin kaji yake a da, suka ɗaura ɗan firji a bayan motar da ke jan wuta daga batirinta. Ranar da aka kashe janareta aka tura shi lungu, maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko lafiya, ta ji gidan ya yi tsit.

Watannin da suka biyo baya suna daga cikin mafi daɗin da na yi a sana'a. Madara tana isowa da sanyinta, ba ta jijjigu ba, ba warin fetur a murfin jarka. Babu juyen baƙin mai, babu lagireto ya tafasa, babu safiyar da za a kira matan gida su fito turi. Ban sallami kowa ba. A rugage sai da aka sake sabo, don da can tun daga nesa suke jin bas su fito da ƙore, yanzu kuwa sai su ɗaga kai su gan ta tsaye a gindin bishiya kamar aljana. Malam Idi ya koma yi musu ham sau uku tun daga kan burji. Shanu ba sa firgita, kaji kuwa ba sa kaucewa, sai ya leƙo ya kore su da baki. Goggo ta shafa jikin motar ta ce wannan ta fi mai ita kunya. Abbanku ya ƙirƙiro wa kansa bin Malam Idi ran Asabar, wai shan iska, ya dawo yana ba da labarin yadda ake taruwa a kanta a Aujara ana neman salansa.

Da bazara ta kama sai abin ya fara canzawa. Lambar da ke allon in motar ta dawo gida kullum raguwa take yi. Bilkisu ta zaunar da ni ta yi mini bayani: zafi yana gajiyar da batir, firjin yana ƙara jan wuta don ya riƙe sanyi, yashin hanyar su Goggo kuma ya bushe ya yi laushi, motar sai ta yi nishi take fita. Ta ce in dakatar da Taura har ruwa ya sauka. Na ce na ji. Ban dakatar ba.

Ran wata Laraba hadarin farko ya taso tun da hantsi, ya rufe rana har magariba, bai zubar da ko ɗigo ba. Wutar gari kuma kwana biyu ba a kawo ba. Motar ta kwana ba ta cika ba. Washegari Alhamis ce, ranar da nakan bi ta da kaina, kuma na yi wa Goggo alkawarin kawo mata maganin ƙafa. Muka gama rugagen Dutse, muka gama na Aujara, rana ta fito da fushin jiya da na yau. A mararrabar da ake karkata zuwa Taura Malam Idi ya gangara gefe ya tsaya. Ya nuna mini allon da yatsa.

"Hajiya, mu juya. Za ta kai mu, ba za ta dawo da mu ba."

"Malam Idi, ai kullum da saura take dawowa."

"Kullum a cike take fita."

"Tsohuwa tana can tana jira, ta tatse shanunta. In ce mata me? Mu je, Allah Zai rufa asiri."

Ya dube ni, ya sake duban allon. Ya ce, "To, Hajiya." Ya hau hanya.

Mun isa, mun gaisa, na ba Goggo maganinta, aka ɗora jarkokinta. A dawowa yashi ya riƙe mu sau biyu. Ina kallon lambar nan tana sauka kamar ruwa a tulun da ya tsage, na kasa haɗa ido da shi. Ya kashe rediyo, ya kashe iskar gaba, ya rage gudu har masu babur suna wuce mu. Bayan mun wuce Aujara da kaɗan sai hoton kunkuru ya fito a allon, motar ta koma tafiyar kunkurun. Ya lallaɓa ta zuwa gindin wata tsamiya, nan ta yi shiru na gaske. Firjin ma ya ɗauke. Azahar ta yi, babu gida kusa, madarar rugage bakwai tana bayanmu a cikin akwatin ƙarfe.

Na kira Bilkisu. Ta ce kada mu yarda kowa ya ja ta da igiya, za a lalata ta. Sai da ita da mijinta suka nemi motar kurkura, suka ɗoro janaretan nan da muka tura lungu, suka tsaya layin mai, kafin su iso la'asar ta yi. Masu wucewa suna rage gudu suna kallo. Wani mai babur da ya ga ana jona ta da janareta ya ɗaga murya ya ce ga motar da ba ta shan mai an sa mata nonon uwa. Da na buɗe jarkar farko, warin ya gaya mini komai. Duk ta tsinke.

Bilkisu tana haɗa waya, gumi yana zuba, ranta a ɓace. Ta juyo wajen Malam Idi.

"Haba Baba! Ba ka duba allon ba? Sau nawa na ce in ta sauka ƙasa da rabi a Aujara a juyo?"

Ina tsaye a wajen, tazarar da ke tsakanina da su ba ta fi taku uku ba. Malam Idi bai ko kalli inda nake ba.

"Na duba, 'yata. Lissafina ne ya kuskure."

Ni kuwa na yi shiru. Wannan shi ne abin da na zauna rubuta babin nan dominsa. Ba lissafinsa ne ya kuskure ba. Ya ce mu juya, na ce mu je. Na buɗe baki in faɗa, sai na tuna yayanku da ya ce kar in saya, na tuna filin da na sayar, na tuna Bilkisu ta gargaɗe ni ido da ido, sai girman kai ya danne mini harshe. Na ce a raina gobe zan gyara. Gobe ta zo, labari ya riga ya zaga gida cewa Baba Idi ya tsufa, bai iya karatun allo ba. Kindirmon wani biki da aka ba mu aikinsa bai samu ba, mai babban shagon da muka fi kai wa ya koma wajen wasu, bai dawo ba har yau. Yayanku ya bugo ya ce a nemi matashi mai ilimin zamani a ba shi makullin. Na ce ba wanda zai karɓi makullin Malam Idi ina raye. Sai kuka yi ta yabona, wai Umma akwai haƙuri da riƙon amana. Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ɗaci kamar wannan ba.

Abbanku kaɗai ne bai yaba ba. Bayan kwana biyu yana alwala ina zuba masa ruwa, ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tun da na san Idi bai taɓa kuskuren lissafin hanya ba." Ya shafa kansa, ya wanke ƙafafu, ya tafi masallaci. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban amsa ba.

Daga ranar na yanke Taura. Wannan kam dole ce, motar ba za ta iya da lodi da firji ba, damina ma da ta zo hadari ya riƙa rage mana caji, burji ya cika da taɓo. Amma yadda na yanke ɗin ne ban kyauta ba. Ban je ba. Waya na sa aka yi wa ɗan Goggo aka ce ya faɗa mata. Matar da ta ba ni ƙwaryar farko, da saƙon baki na sallame ta. Na san abin da hakan ke nufi: surukanta za su koma ɗaukar ƙwarya a ka su taka zuwa kasuwa, abin da suka huta da shi shekara da shekaru. Wata biyar ban taka can ba, kunya tana hana ni, kwana yana ƙara wa kunyar nauyi.

Bayan an yi girbin gero, wata Juma'a da yamma, Malam Idi ya yi sallama ya tsaya a bakin zaure. Ya ce ya yi wani tunani. Ran Asabar in aka bar ɗibar madara, aka kashe firji, motar ta fita a cike ba lodi, za ta je Taura ta dawo har da ragowa. Ya ce ya lura da ita wata da watanni, ya san cinta.

"In je in yi me, Malam Idi? Ba madara zan ɗauko ba."

"Ba madara na ce ba, Hajiya. Gaisuwa."

Muka fita da safe mu biyu. Gonaki sun yi fari da karan gero, dawa ta sunkuyar da kai. Da muka zo daidai tsamiyar nan na ce ya tsaya. Ya tsaya. Na juya wajensa.

"Malam Idi, na zalunce ka. Ka ce mu juya na ƙi, kuma na bari yarinyar da ta girma a gabanka ta yi maka faɗa a kan laifina. Ka yafe mini."

"Wallahi ban riƙe ki ba, Hajiya."

"Me ya sa ka ɗauka?"

Ya ɗan yi murmushi. "Sitiyari a hannuna yake. Da na ƙi, ai ba za ki ɗauke ni ki ajiye a gefe ki tuƙa ba. Na san ba za ta dawo ba, na tafi. To kin ga da nawa a ciki. Sannan 'ya'yanki ne. Gara su ce Baba Idi ya tsufa, ai ba ƙarya suka yi ba."

Na ce zan tara ku in faɗa. Ya ce in bar shi, abin da ya wuce ya wuce. Na biye masa a lokacin don ya fi mini sauƙi. Amma har bana na ji ɗayanku yana tsokanarsa da cewa, Baba, ka dai duba caji, shi kuma yana dariya. Shi ya yafe nasa. Ni ce ban ga dalilin da zan tafi kabari da yabon da ba nawa ba.

Game da motar, tunda ku za ku gaje ta, ga abin da na sani. Ta riƙe gidan nan a lokacin da fetur ya so ya rufe shi, kuma ko yau aka dawo da ni baya zan sake sayenta. Tana cin taya fiye da tsohuwar saboda nauyin batir. Da wani ƙarfe na ƙafarta ya karye a ramin damina, mako uku tana ajiye muna hayar kurkura kafin a kawo shi, a nan yayanku ya yi gaskiya. Bakaniken da ke yi mana aiki a da ya ce shi birki da taya kawai zai taɓa, sauran sai Bilkisu ta yi waya Kano. Batirin ma an ce yana da shekarunsa, kuna ajiye wani abu saboda ranar. Mota ce ta mai hanya ɗaya sananniya, wanda ya san inda zai je da lokacin da zai dawo. Ba ta mai cewa Allah Zai rufa asiri ba ce alhali allo yana nuna masa akasin haka. Allah Yana rufa asiri, amma Shi ne Ya ba mu ido.

Muka isa rugar da hantsi. Malam Idi ya yi ham sau uku tun daga burji. Goggo tana zaune a kan tabarma a inuwar bukkarta, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, tana kaɗa nono a cikin gora. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar jiya muka rabu, ta tambayi Abbanku, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Na fara jero bayanin da na shirya tun daga Dutse, batir da zafi da yashi. Ta ɗaga hannu.

"Rabi, ni ban san batir ba. Na san saniya. In ta yi nisan kiwo nononta raguwa yake yi, ba wanda ke dukanta a kan haka. Ban ji haushin motarki ba." Ta ci gaba da kaɗa gorarta. "Saƙon ne ya yi mini ciwo. Na ce ashe madarar kike zuwa gani, ba ni ba."

Hawaye kawai nake yi, ni da na ajiye jikoki. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta buɗe gorar, ta sa ludayi ta tsamo curin man shanu fari sol, ta jefa a ƙwaryar ruwa. Ta ce tun da aka daina zuwa ɗaukar madara, mai suke kaɗawa, ga shi nan ya taru ba masu saye a kusa. Malam Idi da ke tsugune can gefe ya yi gyaran murya ya ce shi dai a saninsa man shanu ba ya neman firji.

Daga nan aka samo mafita. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata motar tana zuwa Taura ba lodi, ta dawo da man shanun rugar su Goggo da na maƙwabtansu, mu soya shi a nan mu zuba a kwalabe. Kada in yi muku ƙarya, bai kai abin da suke samu a madara ba, surukanta biyu har yanzu suna zuwa kasuwa da ƙafa. Wannan yana cikin kuɗin motar da ba a rubuta a takarda ba, kuma ba ni na biya shi ba. Amma ba a sake yin watan da ban je ba.

Ranar, da muka tashi tafiya, Goggo ta ce a kama ta ta miƙe. Ta dogara sandarta har bakin motar, ta ce shekara nawa ana ɗaukar madararta a mota, ita ba a taɓa ɗaukarta ba. Malam Idi ya buɗe mata gaba, na koma baya na zauna a kan buhu. Ya zagaya da ita a hankali ta bayan garke, ta gefen rijiya, shanu suna ɗago kai suna kallonmu suna ci gaba da tuƙa. Ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Da muka dawo bakin bukkar ya tsaya, ba ta motsa ba.

"Idi," ta ce, "da sauran cajin?"

Ya duba allon, ya juyo ya dube ni, ya ce akwai.

"To ƙara zagaye ɗaya."